Motar Amaren Gidan Kato

Gari bai gama wayewa ba aka buga mini ƙofa, aka ce an tsinci gawar Malam Kailani tela a filin da ke bayan makarantar firamare. Ni ne mai unguwa a wannan ɓangare na Tudun Wada, duk abin da ya ɓaci a kaina yake fara sauka. Na fita ko hula ban saka daidai ba.

Na tarar da shi jingine da katangar wani kango, ƙirjinsa a murƙushe, takalminsa ɗaya can gefe. Mutumin da muka yi sallar Asuba a sahu ɗaya da shi. An yi ruwa jiya da yamma, ƙasa ta yi laushi, ga sawun taya sirara guda biyu sun miƙe har gabansa. Sauran filin kuwa mutane sun tattake shi kamar an ci kasuwa.

Kafin 'yan sanda su iso, unguwa ta riga ta yanke hukunci. Wai sawun keke napep ne, kuma Mujahid ne ke ajiye kekensa a bakin filin, shi ne kuma ya fara yin ihu. Aka duba goshin keken aka ga ya lotsa. Jamaluddeen, babban ɗan mamacin, direban bas ne mai ƙarfi kamar sa, ya shaƙe wuyan Mujahid har idanunsa suka firfito.

Na shiga tsakani na daka musu tsawa. Na ce duk wanda ya sake taɓa shi, ni da kaina zan kai sunansa ofis. Na tura Mujahid zaurena na kulle. Da Sufeton 'yan sanda ya zo suka ɗauki gawa zuwa asibiti, na roƙe shi a kewaye sawun da igiya, na aika Tudun Jukun a kira mini Malam Auwal.

*

Malam Auwal gadon farauta ya yi. Da can sawun shanun sata yake bi, yanzu da zamani ya juya har babura yake bi, su kansu 'yan sanda sukan neme shi. Aibinsa ɗaya, sanyin jiki. Ni mutum ne mai gaggawa, shi kuwa kafin ya gama gaisuwa tuwo ya huce.

Ya tsuguna a kan sawun ya daɗe, ya gwada faɗinsa da sandarsa, ya ɗebi ƙasa ya murza. Sannan ya ɗago ya dube ni.

"Mai unguwa, keke napep ƙafa nawa gare shi?"

"Uku mana."

"To ina ta tsakiyar?"

Na duba, babu. Ya nuna mini yadda kowane layi yake ninki biyu, tayar baya ta hau kan sawun ta gaba. Ya ce wannan abu ƙafa huɗu gare shi, amma tayoyinsa sirara ne kamar na babur, kuma bai kai faɗin motocin yanzu ba. Ya je ya shafa lotsawar keken Mujahid, ya nuna wa jama'a tsatsar da ke cikinta, ya ce wannan ta kwana biyu. Na buɗe wa bawan Allah zaure ya fita yana kuka, ba wanda ya ce masa yi haƙuri.

Auwal ya ja ni gefe ya rage murya. "Dubi yadda taya ta watsa ƙasa baya. Wanda ke ciki bai ja birki ba. Wuta ya ƙara mata."

A hankali ya faɗa, amma bango ma yana da kunne. Kafin mu bar filin maganar ta zagaye unguwa: da gangan aka yi.

*

A kan kwalta sawu ya ɓace, sai ɗigon baƙin mai nan da can. Shi Auwal ya bi, kansa a sunkuye, ni ina biye ina ta tsaki. Muka bar titi muka shiga lungu. Tun kafin ya tsaya na gane ƙofar da muka dosa.

Gidan Baba Kato ne, tsohon direba, dattijo a cocinsu. Katanga ɗaya ce tsakaninsa da Kailani, kuma tare suka tashi tun suna yara. A bayan gidan akwai rumfar kwano, a cikinta akwai wata tsohuwar mota da wani Baturen mishan ya bar wa mahaifin Kato da zai koma ƙasarsu. Matasan yanzu da yawa ba su taɓa ganinta ba, don ba ta fita sai ranar da za a aurar da 'yar gidan. A cikinta ake kai amarya coci. Batirinta ya daɗe da mutuwa, sai an tsaya a gabanta an wana ta da ƙarfe take tashi. Tun ina saurayi na san yadda ake yi: Kato a kan sitiyari, Kailani a gaba ya naɗe hannun riga yana wana ta, yana yi wa abokinsa tsiya.

Sai damina ta bara suka ɓata a kan kwata. Ruwan gidan Kato yana cin gindin katangar Kailani, ko kuwa Kailani ne ya toshe hanyar ruwa, ya danganta da wanda ka tambaya. Ni na zauna musu sulhu, na tashi da ciwon kai. A gaban mutane Kato ya ce, "Sai na ga bayanka," kuma tun ranar ko gaisuwa ba ta haɗa su ba. Tsofaffi biyu, furfura fal ka, a kan kwata!

Mu a Tudun Wada mun san abin da kan biyo baya idan gawa ta faɗi tsakanin masallaci da coci. Mun taɓa gani, ba ma son ƙari. Tsoro ya kama ni sosai.

Kato da kansa ya buɗe. Bai bari mun yi sallama ba.

"Ni ne," ya ce. "Ni na tuƙa, ni na buge shi. Ku kira Sufeto."

Matarsa Mama Suzana tana zaune a bakin murhu tana kuka. Jikarsu Christabel, ma'aikaciyar jinya wadda suka riƙa tun tana jaririya, ta leƙo daga ɗaki ta koma. Ranar Asabar za a ɗaura mata aure.

Auwal ya nemi izini ya yaye tamfol ɗin da aka lulluɓe motar da shi. Ga ta nan, 'yar ƙarama, baƙa, doguwa sama kamar akwati, ƙafafunta na waya irin na keke. Fitila ɗaya ta fashe, goshinta ya shige ciki. Inda tambarin kamfani yake a da, rami biyu kawai suka rage, 'yan gwangwan sun ɓalle shi tuntuni. Auwal ya buɗe ƙofa ya cusa kansa wajen da direba ke sa ƙafa, ya daɗe har na zaci barci ya ɗauke shi.

"Baba, wace irin mota ce wannan?" ya tambaya.

"Austin ce," Kato ya amsa da sauri.

Mama Suzana ta ɗago. "A'a, Baban Charles, ba Morris mahaifinka yake ce mata ba?"

"Rufe mini baki!"

Ban taɓa jin ya ɗaga mata murya ba sai ranar. Auwal ya sa na ɗauki hoton motar da wayata, gaba da baya da ƙarƙashi da ciki. Sufeto ya zo ya tafi da Kato.

*

Da la'asar aka ba mu gawa. Ina cikin waɗanda suka yi masa wanka, ni da liman. Tafin hannunsa na dama baƙi ƙirin da giris irin na injin mota, muka cuɗa da sabulu ya ƙi fita duka. Tela ne, mai tsabta har ta yi yawa, me ya haɗa shi da giris?

A maƙabarta na ga samari suna ƙus-ƙus, na ji an ambaci fetur. Na kama hannun Jamaluddeen na ce ya ba ni zuwa gobe, don darajar mahaifinsa.

"Ya amsa da bakinsa, Baba," ya ce. "Me kuma ake jira?"

"Ana jiran in gamsu. In ka ƙona gidan nan, katangar uwarka ce za ta fara kamawa."

Ya fizge hannunsa, amma ya ce ya ji. Sufeto kuma ya gaya mini gaskiya: ga amsa laifi, ga tsohuwar gaba, ga sawu ya nuna ba a ja birki ba. Kisan kai da gangan za a rubuta, kuma hukuncinsa sananne ne. Ko ba a rataye Kato ba, a shekarunsa ba zai fito da rai ba.

Na gaya wa Auwal zancen giris. Ya gyaɗa kai ya ce, "Ka taɓa ganin wanda ya tsaya yana wana wa maƙiyinsa mota?" Sannan ya ce gobe da safe mu je Hanwa. Na ce mutum ya ce shi ya yi, me za mu nema a Hanwa?

"Sunan motar," ya ce. "Wanda ya yarda a rataye shi, amma ya yi ƙarya a kan sunan mota, to sunan ya fi wuyansa tsada."

*

Injiniya Ashraf malamin koyar da aikin injina ne, kuma tsofaffin motoci su ne abin shaƙatawarsa. Da ya ga hotunan sai da ya miƙe tsaye.

"A Tudun Wada? Wannan ai ta girmi yaƙin Hitila!"

Ya ce a wancan zamani kamfanoni biyu na Ingila sun yi ƙananan motoci masu kama da juna kamar wa da ƙani, Austin Seven da Morris Minor. In babu tambari, daga nesa ko shi sai ya yi kokwanto. Ya buɗe hoton ƙarƙashin goshinta ya ƙara masa girma.

"Ga inda ake raba su. Austin sifirin, ƙarfen da ke rage gargada, ɗaya gare ta a gaba, ya gitta daga taya zuwa taya. Wannan kuwa biyu ne, kowanne ya bi tsawon mota. Morris Minor ce, ta wajen alif ɗari tara da talatin. Ba shakka."

"To, mun gode," na ce, na fara neman takalmina.

Auwal bai motsa ba. "Injiniya, in mutum ya zauna a ciki, me ya bambanta su?"

Injiniya ya nemo hoton wajen ƙafa. Ƙarafa uku ne a jere, na tsakiya ƙarami, ya lanƙwashe ya kwanta a ƙasa. Ya ce Austin tsarinta irin na motocin yau ne, kuloci a hagu, birki a tsakiya, totur a dama. Amma wannan Morris ɗin, birkinta ne a dama, totur a tsakiya.

Ya ƙura wa hoton ido, murnar ta bar fuskarsa. "Wa ya lanƙwasa shi haka?"

"Shi ma sawu ne," in ji Auwal. "Karyewar fentin sabuwa ce. Mai son gudu da kan yatsu yake taka totur. Wannan tsayawa aka yi a kansa da ƙarfin jiki duka. Birki kaɗai ake yi wa irin wannan taku."

Kato ya fara tuƙa motar nan tun gemu bai fito masa ba, ko cikin barci ya san inda birkinta yake.

*

Muka biya ta gidan Kato. A ƙofar gida ga 'yar motar Christabel da take zuwa aiki da ita. Auwal ya tsaya a tsakar gida yana kallon ƙasa, daga bakin ɗakinta zuwa rijiya. Ta fito ta durƙusa ta gaishe mu, idanunta sun kumbura.

"'Yata, me ya sami ƙafarki ta dama?" ya tambaya.

"Ba komai, Malam."

"A gefenta kike takawa."

"Ƙusa na taka."

"Allah ya sauwaƙe. Ke da kike aikin asibiti ai kin san magani."

Ta ce amin, ba ta ɗago ba. Da muka fita na ce masa ya tsaya mu yi tunani. Yarinyar nan a gabana aka yaye ta, jibi za ta shiga ɗakin mijinta, kuma tsohon ya zaɓi abin da ya zaɓa da hankalinsa. Raina ya ɓaci da Auwal, da motar, da kwatar, da kaina.

"Mai unguwa," ya ce, "in aka bar shi a kan da gangan, ba Kato kaɗai zai tafi ba. Kai ka ji zancen fetur, ba ni ba."



*

Bayan azahar muka taru a tsakar gidan Kato. Sufeto ya kawo shi da ankwa a hannu. Ga liman, ga Rabaran na cocinsu, ga Jamaluddeen da Mujahid, ga Mama Suzana, Christabel tana tsaye a bakin ɗaki. A waje samari sun cika lungu, 'yan sanda biyu sun tare ƙofa.

Auwal ya sa aka turo motar daga rumfa, aka jingina buhunan ƙaiƙayi a jikin katanga. Ya dubi Jamaluddeen.

"Kai direba ne. Shiga ka riƙe sitiyari. Ba za a tayar da ita ba, turawa kawai za a yi. In na ce ka tsaya, ka tsaya."

"Wasa za a yi da jinin ubana?"

"Shiga," na ce masa.

Ya shiga yana huci. Mujahid da ɗan sanda ɗaya suka tura, ta gangara ta nufi katanga. Sai da ta kusa Auwal ya daka tsawar da ban san yana da ita ba.

"Birki!"

Jamaluddeen ya kai ƙafa tsakiya ya danna iya ƙarfinsa. Motar ba ta ko rage ba, ta je ta daki buhunan, ƙaiƙayi ya tashi.

"Ba ta da birki!" ya ce.

"Tana da shi," in ji Auwal. "Yana dama. Abin da ka taka totur ne. Da injin yana aiki, da ka ƙara mata wuta, kai da kake neman tsayawa. Duk wanda ya koyi tuƙi a motar zamani haka zai yi. Mutum ɗaya ne a Tudun Wada ba zai yi wannan kuskure ba, shi ne kuma ya ce mana Austin ce, don kada kowa ya tambayi inda birkinta yake."

"Ƙarya ne!" Kato ya yi ihu. "Ni ne! Na ce ni ne, da gangan na yi!"

Amma ba shi ake kallo ba. Tun lokacin da motar ta daki buhunan Christabel ta zube ƙasa, ta toshe kunnuwanta.

"Na taka birki," take cewa. "Allah ya sani na taka. Ina takawa tana ƙara gudu."

Mama Suzana ta rungume ta, maganar ta riƙa fitowa guntu-guntu. Kakanta ya ce bana mota ba za ta fita ba, amarya ta hau ta haya, don ya gwammace haka da ya roƙi Kailani ya wana masa. Ita kuwa tana son ta je coci yadda uwarta ta je. Sai ta je ta sami Baba Kailani a shago, ya ce ta kwantar da hankalinta, za su tayar da ita su kawo ta ƙofar gida tana ruri, ya ga yadda Kato zai yi. Bayan Asuba suka tura ta fili don kada kakanta ya ji. Baba Kailani ya ce ta danne ƙarfen hagu ta riƙe. Shi bai taɓa zama a ciki ba, aikinsa wana ta ne kawai, bai san sauran ƙarafan ba. Da injin ya kama da ƙara ta firgita, ƙafarta ta zame, motar ta yi gaba yana sunkuye yana zare ƙarfen da ya wana ta da shi.

"Na duba shi, ya riga ya cika," ta ce. "Na ruga na taso Baba. Shi ya ce mu mayar da ita gida, ya sa na rantse ba zan faɗa ba."

Jamaluddeen yana zaune a cikin motar har lokacin, yana kallon ƙafarsa a kan ƙarfen tsakiya. Can ya fito, ya wuce mu ya tsaya a bakin ƙofa, muka ji ya ce wa samarin, "Ku watse. Tsautsayi ne."

Sufeto ya kwance ankwar daga hannun Kato. Bai sa wa Christabel ba, ya ce dai ta ɗauko mayafinta ta biyo shi, sauran magana ta alƙali ce, kuma shi ma tsohon zai amsa tambaya a kan ɓoye gaskiya. Kato ya riƙe rigar Auwal da hannu biyu.

"Me na yi maka? Ni na gama rayuwata. Me na yi maka?"

Auwal bai ɓamɓare hannun ba, ya tsaya har tsohon ya gaji ya saki.

*

Ba a yi biki ranar Asabar ba. Da safiyar ranar Inna Ishatu, matar Kailani, ta aiko daga ɗakin takaba ta ce in kawo mata Kato. Na riƙo hannunsa muka tsallake kwatar nan, muka zauna a zaure, ita tana daga bayan labule.

Ta ce ba ta riƙe yarinyar a zuci ba, kwanansa ne ya ƙare. Amma akwai abin da take so Kato ya sani. Ranar da abin ya faru, da Malam ya dawo daga masallaci ya saka tsohuwar riga, yana ta dariya shi kaɗai, rabon da ta ji dariyarsa tun bara. Ta tambaye shi lafiya?

"Sai ya ce mini, 'Ishatu, yau ko ya so ko ya ƙi, sai Kato ya yi mini magana.'"

Da muka fito Kato ya ce in raka shi maƙabarta, bai san inda aka sa shi ba. Na kai shi, na nuna masa, na ja baya. Ƙasar ba ta gama bushewa ba. Ya cire hularsa ya tsaya, ya daɗe yana motsa baki babu abin da ya fito.

Sannan na ji ya ce, "Kailani, ina kwana."

Ya tsaya yana jira, ni ma na tsaya, har rana ta yi zafi.